Kibod Ɗaya, Saba Uku, Ido Rabi

Hauwa, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki yi wa maganata kwalliya. In na ce na ji tsoro, ki rubuta tsoro, kada ki mayar mini da shi “damuwa” irin ta ’yan boko. Yau kan shekarar da na bar aiki za mu tsaya, kuma ina so ke da yayanki Nasiru da ƙannenku ku ji ta daga bakina tun harshen yana motsi.

Kun san ni ba da kwamfuta na fara ba. Da keken rubutu na fara, a wata rumfa, ina buga wa mutane takardun koke. Da Alhaji Uba ya buɗe cibiyar kwamfuta a Sabon Gari ya ɗauke ni saboda saurin hannuna, sauran kuma na koya da naci da yawan tambaya, har samari suna yi mini dariya. Kafin gemuna ya gama fari, ni ke riƙe da makullin ɗakin saba. Saba ita ce babbar kwamfutar da ƙananan da ke cikin zaure suka dogara da ita: daga cikinta tambaya take fita, cikinta amsa take komawa. Guda uku muke da su, jere cikin kabad na ƙarfe, a wani ɗan ɗaki marar taga mai sanyi kamar cikin randa. Amma a kan teburina kibod ɗaya ne, maus ɗaya, allo ɗaya. Abin da ya haɗa su wani ɗan baƙin akwati ne mai maɓalli uku, muna ce masa akwatin sauyi. Ka danna na farko, kibod da maus da allo duk sun zama na saba ta farko. Ka danna na biyu, sun koma wa ta biyu. Ranar da na yi wa kakarku Iya wannan bayani, tana gyaran wake a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ashe kiwo kake yi, Habibu,” in ji ta. “Sanda ɗaya, shanu uku. To ka dai riƙa duba wadda kake duka.”

Tsohuwar nan ba ta taɓa ganin saba ba, amma duk hatsarin aikin a nan yake. Kibod ba shi da hankali. Abin da ka buga, wadda aka juya wa akwatin ita za ta karɓa, ba za ta tambaye ka ko ita kake nufi ba. In ka ce a share, za ta share.

Ciwon suga na daɗe da shi, ina shan magani ina kuma satar shayi mai zaƙi, wannan kam kun kama ni ba sau ɗaya ba. Abin da ban sani ba shi ne yana cin ido. Wata safiya ina alwala, na wanke fuska, ruwa ya shiga idon dama na runtse shi, sai na nemi butar da ke gabana na rasa. Na buɗe, ga buta. Na sake runtsewa, babu buta, babu tsakar gida, sai wani toka-toka. Innalillahi wa inna ilaihi raji’un. Idon hagu ya tafi ban san ranar da ya tafi ba. Likitan da na gani a Kano ya ce jijiyoyin bayan idon ne suke tsiyayar jini, kuma na daman ma ya kama hanya. Ya ce za a iya rage masa gudu, amma bai yi mini alkawarin komai ba. A motar dawowa, da muka hau gada, na riƙa rufe ido ɗaya ina kallon kogi, har na kusa da ni ya tambaye ni ko wani abu ya faɗa mini a ido.

Ummanku, Allah Ya jiƙanta, ita na fara gaya wa. Tana tankaɗe a gindin darbejiya, ku kuna makaranta. Ta ajiye rariyar.

“Wa ka gaya wa, Malam?”

“Ke kaɗai.”

“To ta tsaya a nan. Nasiru yana tsakiyar karatunsa, ga ƙannensa a bayansa. Ka rufa mana asiri har ya gama.”

“Haba, ai ba sata na yi ba. Ciwo ne.”

“Na san ciwo ne. Amma gaya mini, wa zai bar wa mai ido ɗaya wannan ɗakin?”

Kada wani a cikinku ya ga laifinta. Ba ta faɗi abin da babu shi a zuciyata ba, ta dai riga ni faɗa ne. Gidan nan kaf a kan makullin ɗakin nan yake tsaye, da tuwon da kuke ci, da maganin Iya, da zaman Nasiru a jami’a. Ni kuma a lokacin aikina bai ragu da komai ba, don na san dabarata.

Dabarar kuwa ita ce hannu. Maɓallan akwatin uku ne, kowanne da gurbinsa, ko a duhu zan lalubo na farko in bambanta shi da na uku. Sannan tsoffin sabobin nan kowacce tana da tiren faifai a gaba. Akwai wani ɗan gajeren umarni da in ka buga shi, sabar da kake kai za ta turo tirenta waje. To ni kafin in taɓa wani abu mai nauyi sai in buga shi, in ji ƙirrr, in miƙa hannu in shafa kabad ɗin in ji wacce ce ta zaro harshe. In ta sama ce, ta farko ke nan. In mayar mata da harshenta, in yi bismillah, in ci gaba. Don ƙananan rubutu kuma na sayi gilashin ƙara girma wurin wani mai gyaran agogo, yana aljihun gaban rigata kullum. Da haka na ci rani na ci damina, ko kuskure ɗaya ban yi ba, har na fara jin cewa likitan nan ya cika baki.

Bayan damina Alhaji Uba ya samo aikin da ya daɗe yana nema. Wata makarantar koyon aikin jinya za ta yi jarrabawar shigarta a cibiyarmu, jarrabawar da ake yi sau ɗaya a shekara. Murna a wurin ba a magana. Amma masu jarrabawar suka ce da sabobinsu za su zo, ba sa aiki da na kowa. Ina tsaye aka kwance nawa aka jingine su a sito. Sababbin sirara ne, sumul, na shafa gabansu daga sama har ƙasa ban ji tire ba. Akwatin sauyin ma sabo, maɓallinsa ɗaya tal, mai laushi, ba ya ko ƙara. Ka danna ya tsallaka ta gaba, ka sake dannawa ya sake tsallakawa, yana zagayawa, wasu ’yan fitilu kamar ƙwayar gero su ne ke nuna inda yake. Allon kuwa, duk ukun fuskarsu ɗaya, launi ɗaya, sai wata ’yar lamba a can kusurwar ƙasa. An kulle komai, ba a ƙara wa rubutu girma, ba a canza launi. Bayan kabad ɗin kuma suka manna hatimi, ba a taɓa waya ko ɗaya.

Na ce wa mai haɗin, saurayin da suka turo ya kafa su, “Ɗana, ba za a bar mini tsohon akwatina ba? Mun saba.”

Ya yi dariya. “Baba, ai bakin wayar ma ba ɗaya ba ne. Wannan ya fi sauƙi, kallo ɗaya za ka yi wa fitilar ka san inda kake.”

Kallo ɗaya. Na ce masa Allah Ya yi albarka, ya tattara kayansa ya tafi, na rufe ƙofa na zauna. Duk da sanyin ɗakin, rigata ta jiƙe.

Daga ranar tsoro ya tare a gidanmu. Abinci ya daina wuce mini. Nasiru, ka tuna da ka zo hutu ka gusar da buta daga inda na ajiye ta, na daka maka tsawar da har maƙwabta suka leƙo? Ba butar ba ce. Na miƙa hannu ne ban same ta ba, a gabanka, na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Iya ta lura ina laluben takalmi, ba ta tambaye ni ba, sai ta fara aiko Hauwa da kwalli da zuma wai in riƙa sawa, tana cewa ciwon ido sai haƙuri. Ummanku kuma ta ɓullo da nata gwajin. In kun fita, sai ta rubuta ’yar ƙaramar lamba a bayan kwalin ashana ta miƙo mini.

“Nawa ce wannan?”

In ɗora gilashi, in karkata kai, in jira idon ya tsaya. “Biyu.”

“Alhamdu lillahi. Wannan fa?”

“Uku.”

Ta janye kwalin ta duba shi da kanta.

“Ba uku ba ce?”

“Sake dubawa dai, Malam. Hasken wurin ne ba kyau.”

Hasken wurin lafiyarsa ƙalau, rana ce tsaka. Mu biyun mun san haka, muka bar shi a kan haske. A wurin aiki na koma kulle ƙofa ta ciki, in kifa fuskata a kan allo da gilashi har sai lambar nan ta fito, in sake dubawa, in sake. Yana cin lokaci, amma yana yi. Na riƙa cewa a raina, in dai na tsallake wannan jarrabawa, na tsallake shekara.

Ranar jarrabawa tun da hantsi ƙofar cibiyar ta cika. Yara daga Lajawa, daga Ɗankaza, daga ƙauyukan da ke bayan kogi, yawancinsu mata, iyaye sun yi zaune a inuwar katanga da kwanukan abinci. Wani dattijo da ya goyo ’yarsa a kan keke ya ga makulli a hannuna, ya tare ni da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, sannan ya riƙe hannuna da hannu biyu.

“Malam, ga ta nan. Bara ba ta samu zuwa ba, uwarta na kwance. Bana dai ga mu ga Allah, ga ku.”

Na ce masa in sha Allahu. Fuskarsa ban gan ta sosai ba, amma kaushin tafinsa na ji shi.

Masu jarrabawar sun turo mai sa ido, Malama Rabi, mace mai kaifin murya wadda ba ta wasa da doka. Ita da ni kaɗai aka yarda mu shiga ɗakin saba, ko Alhaji Uba iyakarsa bakin ƙofa. Tsarin aikin ba wuya. Yaran rukuni-rukuni suke shiga, kowane rukuni a kan saba ɗaya. In sun gama, a aika amsoshinsu hedkwatar makarantar, in sun isa, a share sabar tas a shirya ta don wani rukunin. Rukunin farko suka gama, amsoshinsu suka tafi lafiya. Daga nan sabis ya ɗauke. Na biyu suka rubuta, na uku suka rubuta, amsoshinsu na zaune cikin saba ta biyu da ta uku, babu kwafinsu a ko’ina a duniya. Ga rukuni na huɗu a layi cikin rana tun kafin azahar. Malama Rabi ta leƙo ta ce in share ta farko in shirya musu, ita za ta koma zaure ta shirya shigar da su.

Na kulle ƙofa. Na danna maɓalli, na kifa kai da gilashi, na ga ɗaya. Na sake dubawa, ɗaya ce. Ina ɗago kai aka ɗauke wuta.

Sabobin suna kan batir, ba su ko girgiza ba. Amma allon da akwatin sauyi a bango mai haɗin ya jona su, suka mutu tare da fitilar ɗaki. Na zauna cikin duhu ina jiran a tayar da janareta, abin da na yi sau ba adadi. Na ji an ja shi, na ji ya kama. Na ji na’urar sanyaya ɗaki ta yi tari ta fara huci a ƙeyata. Na ci gaba da jiran fitila. Sai da na daɗe ina jira sannan hankalina ya ba ni cewa in na’urar nan tana huci, to wuta ta dawo.

Wuta ta dawo ɗakin, ba ta dawo idona ba.

Ba duhu ne ƙirin ba. Wani jan hayaƙi ne mai baƙaƙen zare yana yawo, in na juya ido ya biyo ni. Allon ina ganinsa kamar farin gyale a cikin hazo, iyakarsa ke nan. Na ɗora gilashi, babu lamba, babu kusurwar ma. Na murza idon, na ɗiga masa ruwan gora, na karanta duk abin da ya zo bakina. Na kai fuskata kan akwatin har hancina ya taɓa shi, ko zan ga wace fitila ce a kunne. Babu. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da kwale-kwale ya kusa kifewa da mu muna yara.

Ga abin da ya tsaya mini. Kafin a ɗauke wuta ina kan ta farko, wannan ba shakka. Amma akwatin ya mutu ya farfaɗo. A ina ya farfaɗo? Na taɓa lura cewa in ya tashi kan ta farko yake komawa. To kullum haka yake yi, ko dacewa na yi? Kuma da nake laluben gilashi cikin duhu, hannuna ya goga maɓallin nan mai laushi ko bai goga ba? Na tuna na taɓa wani abu. Ko gefen akwatin ne, ko maɓallin, ban sani ba. In ya tsallaka sau ɗaya, ina kan amsoshin rukuni na biyu, kuma ’yar mai keken nan a cikinsu take.

Hannuna kuwa bai san ido ya tafi ba. Ya san hanyar sharewa a kan kibod kamar yadda ƙafa ta san hanyar masallaci. Kafin in gama tunani yatsuna sun bi ta, sun buga kalmar sirri, sun kai matakin ƙarshe, inda saba take tambaya ko ka tabbata. Saura in danna enta, maɓallin zartarwa. Yatsana yana kanta, ina jin ɗan lanƙwasar maɓallin a fatata.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Alhaji Uba ce.

“Malam Habibu! Yaran nan rana ta gasa su, wata har ta faɗi. Me ake jira?”

“Ina zuwa, Alhaji.”

“To don Allah a hanzarta.”

Shaiɗan bai taɓa yi mini magana da hankali irin na ranar ba. Bai ce in yi mugunta ba. Cewa ya yi, kai fa ka duba, ɗaya ka gani. Akwatin kan ta farko yake komawa, ka sani. Danna, ka shirya musu da hannu yadda ka iya, ka ce kanka na ciwo, gobe ka tafi Kano a wanke idon, babu wanda zai ji. Na ji muryar Ummanku tana cewa ka rufa mana asiri. Na ga Nasiru da jakarsa a tasha. Kuma gaskiya ne, rinjayen zatona ina kan daidai. In da a ce za a rantsar da ni a kan zato, da na rantse.

Amma zato ne. Na yi ta neman abin da zan shafa in tabbatar, babu. Na tuna yadda ake yi in an rasa amsoshi: ba a sake wa kowa jarrabawa, sai baɗi, kuma yarinyar ƙauye da ta rasa bana ta rasa bara, ba kowace ce ake sake kawowa ba. Ina zaune, yatsana ya ƙi dannawa ya kuma ƙi sauka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Daga ƙarshe da hannun hagu na kama na daman na ɗauke shi daga kan kibod, kamar hannun wani. Na lalubi bango har ƙofa, na murɗa makulli.

“Alhaji, a kira mini Malama Rabi.”

“Lafiya? Wani abu ya lalace?”

“Babu abin da ya lalace. A dai kira ta.”

Na ji takunta, na ji ƙamshin turarenta ya shigo ɗakin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Malama, don Allah karanta mini lambar da ke kusurwar allon nan.”

“Lamba? Ga ta nan a gabanka, Malam.”

“Ba na ganinta.”

“Ka manta tabarau ne?”

“Ba na ganinki ke ma.”

Na ji Alhaji Uba daga bakin ƙofa ya ce, “Subhanallahi.” Malama Rabi ta ja kujera, na ji ta sunkuya.

“Tun yaushe?”

“Yanzu ya rufe. Amma ya daɗe yana tafiya.”

Sai ta ce, “Ɗaya ce. Kana kan ta ɗaya, Malam. Daidai kake.”

Na zauna a ƙasa, a kan tayil mai sanyi. Na ji ta danna enta da kanta, ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an karya tsinken tsintsiya. Sauran aikin ina zaune a ƙasan nake faɗa mata tana yi, har rukuni na huɗu suka fara rubutu. Bayan la’asar sabis ya dawo, amsoshi suka tafi duka. Da ta gama ta tsuguna kusa da ni, muryarta ta sauko.

“Baba, ka yi haƙuri. Dole in rubuta abin da na gani.”

“Rubuta, ’yata. Aikinki ne.”

Alhaji Uba da kansa ya sa ni a mota. Mutumin kirki ne, har ya rasu bai daina aiko mana da buhun hatsi da azumi ba. A hanya ya yi ta jan tsaki.

“Haba Malam Habibu. Haba. Da ka gaya mini tun farko.”

“Da na gaya maka fa, Alhaji, me za ka yi?”

Na zaro makullin daga aljihu na lalubi hannunsa na sa masa. Ya ce in riƙe tukuna. Na ce a’a. Bai sake cewa in riƙe ba.

Ummanku na jin tsayuwar mota ta fito zaure. Da ta ga Alhaji yana riƙe da hannuna, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta yi masa godiya, ta karɓe ni ta kai ni ɗaki ta zaunar, ta kore ku waje. Na ba ta labari tun daga ɗauke wuta har buɗe ƙofa. Tana ji, tana cewa “na’am”, har na kai inda Malama Rabi ta duba allo.

“To a kan wacce kake?”

“Ta ɗaya.”

“Ta ɗayan ita ce wadda aka ce ka share?”

“Ita ce.”

“Wato da ka danna...”

“Da babu abin da zai faru.”

Na ji numfashinta ya canza. Ina jin tana murza bakin zanenta. Na jira faɗa, wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Da ta buɗe baki, muryar a dushe take.

“Wa ya ji wannan?”

“Malamar da Alhaji.”

“To yarana ba za su ji shi haka ba. Ba zan iya duban Nasiru in ce masa ya dawo gida a kan babu ba. Za a ce a kan ta biyu kake. Za a ce da ka danna, da yara sun yi asarar shekara. Ka ji ni, Malam?”

Na ji ta, kuma na bar shi a haka. Washegari da kanta ta je ta roƙi Alhaji Uba, ya ce bakinsa alaikum.

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa, don ku kuka gan shi da ido. Aikin da aka yi mini a Kano ya dawo mini da ɗan hasken da nake bambance dare da rana, bai dawo da karatu ba. Zangon karatu na gaba Nasiru bai koma ba. Ya ce hutu ya ɗauka na shekara ɗaya, ya shiga kara yana bin dillalan shanu ranar Juma’a, shekara ɗayan nan ita ce har yau. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da nake ji shi ne, duk inda aka taru, a suna ko a ɗaurin aure, in an tambaye shi yadda ya bar jami’a, sai ya gyara murya ya ce mahaifinsa ya ceci jarrabawar yara da idonsa da aikinsa, saura ƙiris a share, Allah Ya sa ya buɗe ƙofa. Kwanan baya na ji yana ba ɗansa labarin a nan tsakar gida, har da kwaikwayon muryata.

Nasiru, ban ceci kowa ba. A kan daidai nake. Da na danna, da yaran nan sun samu sakamakonsu yadda suka samu, da wataƙila na lallaɓa na kai ka ƙarshen karatunka. Uwarka ta ba ka labarin da za ka iya ɗauka, kuma ya ɗauke ka shekaru, Allah Ya saka mata da Aljanna. Amma ni na san abin da na yi a ɗakin nan. Ina sane da kai sarai, ina ganinka a raina, na ɗora karatunka a gefe guda, na ɗora “wataƙila” ta ’ya’yan mutanen da ban sani ba a ɗaya gefen, na tashi na buɗe ƙofa. Kuma ba zan yi maka ƙarya a kusa da kabari ba: in aka mayar da ni ɗakin, da wannan idon, ƙofar zan sake buɗewa.

Kai ka biya, ba ni ba, kuma ba a taɓa tambayarka ba. Don haka in an karanta maka wannan, kada ka aiko da saƙo, kada ka ce wa ƙannenka “ba komai” su kawo mini. Ka zo da kanka ka zauna a nan kan tabarmata ka faɗi abin da ke ranka. Fuskarka ba zan gan ta ba, amma na san muryarka tun ranar da ka fara kuka, zan gane in ka ɓoye. Ina nan ina jiran sallamarka, kuma ina jin tsoro.